Yadda Mushe Wakili Ya Tsare Ranar Lahadi

Ruwan ya fara ran Asabar da la'asar, ba iska ba tsawa, irin wanda ƙasa ke shanyewa ba ta bar ko ɗigo ya gudu ba. Da gari ya waye ran Lahadi sama ta yi wasai, rairayin Garin Maina ya yi duhu ya kwanta, ƙamshinsa har cikin ɗaki. In ka tura hannu a ƙasa sai ya nutse har wuyan hannu ba ka taɓo busasshe ba. Shekarar 1975 ce, damina ta farko da mutane suka sa wa rai bayan shekarun yunwa. Duk wanda ya san rairayin ƙasar Dungas ya san irin wannan danshi yini ɗaya yake yi, in ya yi kirki ya kwana. Tun kafin rana ta fito musulmin garin sun watsu a gonaki, maza a gaba da sungumi suna sara, mata a baya suna zuba iri suna takewa da diddige.

Gida tara ne kawai ba su fita ba, gidajen masu bin Almasihu, da ke da ɗan ɗakin majami'arsu na ƙasa a bakin gari ta gabas. Kuma Allah cikin alherinsa bai bar su haka nan ba a wannan rana. Ya ba su Mushe Wakili. Mushen nan kuwa laƙabin girma ne na Faransanci, kamar a ce maigida.

Ba a taɓa yin mai ibada kamarsa ba tsakanin Dungas da Guci. Shi da kansa ya sha tabbatar da haka, kuma mutum ne da ba ya ƙarya a kan abin da ya shafi darajarsa. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana aiki a wani biro, wato ofishin gwamnati, a Magarya. Aikinsa shi ne ya ɗauki takarda daga wannan tebur ya kai wancan, ya koma bakin ƙofa ya ce wa talakawa su jira. Daga can ya komo gida da baƙar beste, wato kwat irin ta Nasara, da kujerar ƙarfe mai naɗewa, da ilimin yadda ake tsayawa gaban manya. Wannan ilimin shi ya kawo wa ikilisiya kyauta, ba tare da an roƙe shi ba.

"Ku ba ku san sujada ba," haka yake ce musu. "Ni na ga yadda ake shiga wurin sufurefe, mai mulkin yankin nan duka. Ba a shiga da ƙafa duk ƙasa. Ba a faɗawa ciki a ce ga ni, yunwa nake ji. Sai ka gyara wuyan riga, ka ƙame, ka jero sunayensa na girma ɗaya bayan ɗaya, sannan ka faɗi naka sunan da aikin da ka yi wa gwamnati. To sufurefe ke nan, wanda ake ɗaukewa bayan shekara uku a kawo wani. Ina ga Mai Sama?"

Kuma abin da ya faɗa shi yake yi. Kowa a majami'a a kan dakalin ƙasa yake zama, shi kuwa yakan buɗe kujerarsa a gaba, ya ɗan karkata ta, don ido ɗaya ya fuskanci Allah, ɗaya ya lura da jama'a. Ko ana zafin da ƙadangare ke neman inuwa, besten nan tana jikinsa a kan taguwa, maɓalli a rufe. In an ɗauki waƙa yakan riga kowa da rabin numfashi, don a can sama a san wanda ya kawo ta. Amma gwanintarsa a addu'a take. Yakan fara da gabatar da kansa: "Ya Ubangiji, ni ne, Wakili, na Magarya, wanda ka sani." Daga nan ya yi wa Allah bayanin halin da ƙasa ke ciki, ya tuna masa abubuwan da ya roƙa makon jiya ba a yi ba, ya ambaci raunin ƴan'uwa da sunayensu don a taimake su. Wasu wurare yakan maimaita da Faransanci, kada a ce takardar ba ta cika ba. Mata suka sa masa suna Amin-na-nesa. Maza suna ce masa Komandan Lahadi. Ya ji na biyun, ya kuma ga ya dace.

Mai bisharar garin, Rabe, manomi ne mai sanyin murya, yana karatu yana bin layi da yatsa. Sujadarsa gajera ce: waƙa uku, karatu, ƴar magana, addu'a, a tashi. Wakili yana jin tausayinsa ƙwarai. Sai ga shi haihuwa ta zo wa matar Rabe da wuya, ya ɗauke ta a amalanke zuwa wurin likita a Dungas, yau kwana goma. Ba wanda ya ce Wakili ya ja sujada a bayansa. Shi ma bai bari a wahalar da kowa da faɗa ba.

Abu ɗaya ne ke ɓata wa Mushe tsarin majami'a, wato tsohuwa Ƙande. Kuturta ta kama ta tun tana da ƙuruciya. Magani ya tsayar da ciwon, amma ya riga ya tafi da yatsunta. Miji ya mutu, ɗa babu. Tana zama a dakalin baya kusa da ƙofa, tana waƙa da murya kamar ta tsohuwar ƙofar kwano, ba ta taɓa dacewa da kowa ba, ba ta kuma taɓa yin shiru ba. In aka ce ta yi addu'a sai ta ce, "Uba, na gode. Sauran ka gani." Shi ke nan. Wakili ya sha gaya mata a Magarya ko mai shara ba a yi wa magana haka.

Ƙande tana da gona ɗaya bayan majami'a, iyaka da ta Wakili. Rani duka ta yi tana gyaranta. A ɗaura mata fartanya a dantse da tsumma, ta yi ta tuge kara da saiwa. Ta kwashe kashin awakin makwabta a ƙwarya, ta riƙe tsakanin dungun hannuwanta, ta kai ta watsa, sahu nawa a yini Allah ya sani. Tana da irin gero a cikin gora ɗaya da ta liƙe wa baki da laka. Lokacin yunwa ta ci anza, ta ci ganye, ta kwana da ruwa, goran nan na rataye bisa kanta ba ta fasa ba. Abin da ba ta iyawa shi ne shuka, don tsintar ƙwayar gero aikin yatsa ne. Shi ya sa kafin Rabe ya tafi ya tara gida taran nan suka yi alkawari: ranar da ruwan shuka ya sauka, gonar Ƙande za a fara, kowa da kowa, kafin hantsi an gama. In danshin nan ya wuce ta, shekararta ta wuce.

Mushe Wakili ya ɗaga hannu a alkawarin nan fiye da kowa. Amma shi mutum ne mai hangen nesa, ya kuma san ruwa ba ya duba kalanda. Saboda haka ran kasuwar Guci ya ja wani mutum gefe, Ɗan Azumi, shugaban wasu maza shida da yunwa ta koro daga arewa, ba gona ba dabba, suna zaune a bakin kasuwa suna ƙodago. Baƙi ne, ba su san kowa a Garin Maina ba, ba wanda ya san su. Abin da Mushe ke so ke nan.

"In kun ga hadari ya zuba a wajenmu, ku yi sammako," ya ce. "In ranar ta kama Lahadi, kada ku zo gidana, kada ku gaishe ni, ba ku san ni ba. Matata za ta kawo muku iri gindin tsamiyar bakin hanya. Da rana ta kai tsaka za ta kawo muku fura nan wurin. Ku sha, ku ɓace."

Ɗan Azumi ya ce to wa zai nuna musu gonar.

Wakili ya yi dariyar manya. "Gonata sai an nuna? Ka bi bayan majami'a. Wadda ka ga ta fi kowace shara da taki, ita ce."

Bai yi ƙarya da gangan ba. Rabonsa da gonar tun kaka, amma ya san tasa ce, kuma abin da yake nasa ba ya zama na biyu.

To ga Lahadi ta zo da danshinta. Tun da duku-duku Huraira, matar Mushe, ta kai buhun iri gindin tsamiya ta komo da sauri kamar yadda aka umarce ta. Irin kuwa ba na wasa ba ne, ɗan gaggawa ne mai nuna da wuri, wanda wani tsohon abokin aiki ya samo masa. Tun hantsi bai yi ba Gajere, dattijon da ke buga ƙarfen kiran sujada, ya buga. Mutane suka zo da sungumansu, suka jingine a bangon majami'a. Ƙande ta zo da goranta a goye kamar jariri.

Wakili ya iso a ƙarshe, kamar yadda ya kamata. Ya dubi sunguman nan ɗaya ɗaya. Ya shiga ya sa aka toshe tagar gabas da zana, wai iska za ta kaɗa masa takardun Littafi. Ko ganyen aduwa ba ya motsi a ranar, amma mai hankali ba ya jira sai iska ta taso. Tagar nan ita ke duban gonaki.

Gajere ya matso ya rage murya. "Mushe, mu yi waƙa ɗaya mu gode wa Allah, mu je mu sauke alkawarin Inna Ƙande. Malam Rabe ya ce irin wannan aiki shi ma sujada ne. In mun gama mu komo mu yi ta waƙa har la'asar."

Wakili bai amsa masa shi kaɗai ba. Amsa irin wannan ba a ɓarnatar da ita a kan mutum ɗaya. Ya miƙe, ya ja gefen beste, ya fuskanci jama'a.

"Ƴan'uwa, an kawo mini wata magana. Wai mu gaisa da Ubangiji a tsaitsaye, mu ce masa muna zuwa, muna da uzuri. Wanda ya aiko ruwa ran Asabar, kuna tsammani bai san gobe Lahadi ba? Ya sani. Jarrabawa ce. Yana so ya ga wa zai zauna, wa zai ruga. Ko biro ran Lahadi a rufe yake, kun taɓa ganin wanda ya je ya ƙwanƙwasa? Ku dube ni. Ina da gona. Ina da iri, wanda ba kowa ke da shi ba. Ga ni a nan." Ya buɗe tafin hannuwansa ya juya su dama da hagu don na baya su gani. "Kun ga ƙasa a hannun nan?"

Ba su gani ba. Hannu ne tas, mai laushi, ba kanta ko ɗaya.

Ya riga ya yi tunaninsa tun a gida. Maza shida, gona ɗaya, sai rana tsaka. Kafin nan bai kamata ko mutum ɗaya ya leƙa bayan majami'a ba. Saboda haka Ubangiji zai sami sujada yau irin wadda bai taɓa samu daga Garin Maina ba.

Aka yi waƙa tara. Wadda Mushe ya ga ba a miƙe da kyau ba, aka sake. Ya yi karatu, ya fassara karatun, ya fassara fassarar. Ya ba da labarin ranar da wani babban baƙo ya zo Magarya, shi Wakili ya riƙe masa ƙofa tun safe har azahar bai ko gyara tsayuwa ba, ya nuna cewa haka mala'iku suke yi. Rana ta hau. Danshin da ke bakin ƙofa ya fara ja da baya, duhun rairayin yana komawa fari daga gefe. Ƙande ba ta duban mai wa'azi, wurin nan take duba.

"Mushe," ta ce a hankali, "rana tana yi."

"Rana ta Ubangiji ce, Ƙande. Ke ma tasa ce. Kunnenki nake so, ba bakinki ba."

Ta gyara goyon goranta.

Da inuwa ta kusa shiga ƙarƙashin bango, Huraira ta tuna da furar da ta dama ta rufe a ɗaka. Ta miƙe a hankali ta bi gefen bango. Da wani ne ya tashi, da wataƙila Mushe ya tsaya ya yi tunani. Amma wannan dama ce da ba a samu kullum, a nuna wa jama'a mutumin da ba ya nuna bambanci ko a gidansa.

"Huraira. Ina zuwa?"

Ta dube shi, ta ɗan karkata kai wajen hanya, ta buɗe ido. Duk matar da ke ɗakin ta gane akwai magana. Shi kaɗai bai gane ba, don a lokacin yana sauraron muryarsa.

"Koma ki zauna. Tukunya ba ta fi Ubangiji ba. Ku shaida, ƴan'uwa, daga gidana nake fara hukunci."

Huraira ta koma ta zauna, ta naɗe hannu. Shekara ashirin tana aure da shi, ta san lokacin da ake barin mutum da abinsa.

Sai ya ce a rufe ido, za a yi addu'a. Ya gabatar da kansa. Ya gode wa Allah da ya yi shi mai haƙuri, ba kamar waɗanda zuciyarsu ke jingine a bango tare da sungumansu ba. Ya roƙa wa Gajere natsuwa. Ya roƙa wa Ƙande ladabi. Ya shiga bayanin ruwan jiya, inda ya yi daidai da inda ya kamata a ƙara. Yana cikin sashen Faransanci aka yi gyaran murya a bakin ƙofa.

Ɗan Azumi ne. Sun gama tun ɗazu, sun zauna gindin tsamiya har cikinsu ya fara kuka, fura ba ta zo ba. Ya shiga gari yana tambayar gidan mai baƙar riga ta Nasara, aka nuna masa majami'a. Mutum ne mai ladabi, ya ga ana ibada, ya tuɓe takalmi ya tsuguna yana jira a shafa. Ya jira. Ya sake jira. Da ya ga abin ba shi da niyyar ƙarewa sai ya yi sallama.

"Salamu alaikum. A gafarce ni, bayin Allah. Maigida, mun gama."

Ido ya buɗe ko'ina. Na Wakili ne ya buɗe a ƙarshe. Ya yi wa mutumin tsawa da Faransancin da ya saba korar talakawa da shi a bakin biro. Ɗan Azumi bai taɓa shiga lakwal, makarantar boko, ba, ya ɗauka cikin addu'ar ne, ya ce amin.

"Na san ka ce kada mu gaishe ka," ya ci gaba, "to ba gaisuwa na zo ba. Furar nan ce. Tun asuba muke sara, yaran ba su sa komai a ciki ba. Amma aiki ya yi kyau. Iri ya isa daidai, har kusurwa."

Gajere ya tashi, ya je ya cire zanar da ke tagar gabas, ya leƙa. Ya daɗe yana leƙe. Sannan ya juyo da wata irin fuska, ya ce, "Inna Ƙande, taso ki gani."

Majami'a ta watse ba a sallame ta ba. Mushe ya bi su a baya, don ba a wa'azi ga dakali.

Gonar Ƙande ce. Daga wannan iyaka zuwa waccan, layi bayan layi, sawun diddige a kan kowane rami, an shuke ta tas tun danshi na da ƙarfinsa. Kusa da ita ga ta Mushe Wakili, karan bara a tsaye, sabara ta yi kai, ko sara ɗaya ba a yi ba.

Ƙande ta durƙusa a bakin layin farko. Ta sa dungun hannu ta tone rami ɗaya, ta ga ƙwayoyin a kwance cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta mayar ta rufe, ta danna. Ta daɗe a haka kanta a sunkuye, bakinta na motsi. Ba wanda ya ji abin da ta ce, ba ta kuma yi don a ji ba.

Wani da ya sha kunya irin wannan sai ya nemi hanyar gida. Amma shekara goma sha ɗaya a bakin ƙofar manya ba ta tafi a banza ba. Wakili ya hau kan wata ƴar suri, ya gyara wuyan riga.

"Ƴan'uwa, abin da na so in ɓoye, Ubangiji ya ga dama ya tona. Ni na shirya wannan. Na ce baiwar Allah nan ba za ta rasa shuka ba, ku kuma ba za ku karya ranar hutu ba. Na ɗauki nauyin a kaina, da irina, a asirce. Ban so a sani ba. Halina ne."

"A'a, maigida," in ji Ɗan Azumi, don shi ba ya son a bar magana a karkace. "Taka ka ce. Ka ce wadda ta fi kowace shara da taki. Mun duba, ba ta biyu." Ya nuna ɗayar da haɓa. "Waccan ko tsayawa ba mu yi ba. Mun ɗauka mai ita ya mutu a yunwa, har mun yi masa addu'a."

Huraira ce ta fara dariya. Ta rufe baki da gefen zane, ta juya ta nufi gida ɗauko fura.

Ƙande ta miƙe da ƙyar. Ta kwance goyon, ta riƙo goran tsakanin hannuwanta ta kawo gaban Wakili.

"Mushe, ga nawa, tunda ya huta. Bai kai naka kyau ba, amma yana tsirowa. Ƙasa da sauran danshi a ciki. Ga mutane, ga sungumi. Ko gefen da ba kara a yi maka."

Nan Mushe ya tsaya tsakanin gonarsa da wa'azinsa. Ya dubi goran. Ya dubi hannuwan da ke riƙe da shi. Ya dubi gida taran nan da ya yini yana nuna wa tafin hannu. In ya karɓa, gero zai samu, amma a gaban kowa zai karɓa, ran Lahadi, daga hannun matar da ba ta iya addu'a ba.

"Ni ba na aiki ran Lahadi," ya ce.

Gajere ya gyaɗa kai. "Gaskiya ne, Mushe, mun shaida. Kai ba ka yi." Ya juya wajen jama'a. "Addu'ar ɗazu ba a rufe ta ba. Kada mu bar ta a buɗe. Ku ce amin."

Suka ce amin, suka je suka ɗauko sungumansu. Irin Ƙande aka raba wa gida biyu da nasu bai isa ba. Mutanen Ɗan Azumi da suka sha fura suka kama musu, ba wanda ya sa su. Har rana ta faɗi ana sara ana takewa, wani ya ɗauki waƙar majami'a a gonar Gajere, aka amsa daga ta kusa, muryar Ƙande na bi a baya tana ɓata ta kamar kullum. Mushe Wakili ya koma ɗakin sujada ya zauna a kujerarsa shi kaɗai har la'asar. Ya tsare ranar, ba wanda zai ce bai tsare ba.

Ran Litinin iska ta taso daga gabas, kafin azahar rairayi ya koma fari. Ruwa bai sake zuwa ba sai bayan kwana goma sha tara. Shukar Lahadi ta jure, don saiwarta ta riga ta bi danshi ƙasa. Wakili ya sami wani iri daga baya, ya watsa tsakanin kara da sabara, ya fito nan ɗaya can ɗaya kamar gemun ɗan saurayi.

Da Rabe ya komo da matarsa da jaririya, aka kwashe labari aka gaya masa. Bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ran Lahadi ya ce musu Allah ba sufurefe ba ne da zai tsaya duban wuyan riga, Uba ne, kuma uba ya fi gane ɗansa a lokacin da ɗan ya manta ana kallonsa. Ya ce a tashi a yi waƙa. Wakili ya gaya wa na kusa da shi cewa wa'azin ba shi da tsari.

Da kaka gonar Ƙande ta cika rumbu har aka ɗora sauran a kan rumfa. Mushe ya yi kwanaki yana wucewa ta wurin. Daga ƙarshe ya sa beste ya tafi wurin mai gari, wani tsohon musulmi mai jin magana da kunne ɗaya, ya yi bayani mai tsawo a kan iri da wanda ke da shi, da abin da doka ta ce a Magarya, ya ce rabin rumbun Ƙande nasa ne.

Mai gari ya bari ya gama. Ya ce, "Wakili, abu ɗaya zan tambaye ka, ga mutanenku a zaune. Shukar nan, kyauta ce ko kuskure? In kuskure ce, a duba maka. In kyauta ce, ka san ba a bin ta."

Rabin rumbu na gefe ɗaya, a ɗaya gefen kuma ga jawabin da ya yi a kan suri. Mushe ya ɗaga haɓa.

"Kyauta ce."

"To Allah ya ba da lada," in ji mai gari. "A kira na gaba."

Ƙande ta aika wa Huraira dami huɗu a kan jakin Gajere, ta ce na furar baƙi ne. Da shi gidan ya ga ƙarshen rani. Mushe bai taɓa tambayar inda tuwon ke fitowa ba.

Bai ƙara damina biyu a Garin Maina ba. Ya ce garin ya yi masa kaɗan, baiwar da ke gare shi tana bukatar babbar ikilisiya, ya naɗe kujerarsa ya hau kamiyo, babbar motar kaya, ya tafi. Ƙande ta rayu shekara shida bayan haka, ana shuka mata gonarta da fari kowace damina, ko wace rana ruwan ya kama.

Mushe Wakili yana Damagaram yanzu, ya tsufa, besten ta koɗe ta koma ruwan toka. Majami'ar da yake zuwa babba ce, kuma sun ba shi muƙami. Shi ke gadin kekunan masu sujada a waje, daga waƙar farko har a tashi.